Kwale-kwalen roba mai iska: abin da ya kamata mai saye ya auna kafin ya biya kuɗi

Fatakwal: Tun bayan ambaliyar shekarar 2012 da ta 2022, waɗanda suka mamaye garuruwa da gonaki daga Lakwaja har zuwa jihohin Anambra, Bayelsa da Ribas, ƙaramin kwale-kwalen roba da ake hura wa iska ya daina zama kayan sojan ruwa da kamfanonin mai kaɗai. Hukumomin agaji, 'yan kwangila, masu awon ƙasa, masu kiwon kifi da wasu 'yan kasuwa sun fara tambayar farashinsa. A unguwar masana'antu ta Trans-Amadi da ke Fatakwal, inda kamfanonin da ke yi wa harkar mai hidima suke da yawa, kuma inda 'yan kasuwar Arewa suka daɗe suna hada-hada, ruwa ba shi da nisa: rafin Woji da mashigar Abuloma suna kusa, daga nan kuma hanya ta buɗe zuwa Okrika da kogin Bonny.

Tambayar da akasarin masu saye ke fara yi ita ce nawa ne, sannan inji mai ƙarfin doki nawa za a ɗora. Wannan kuwa farawa ne daga ƙarshe. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne nauyin da jirgin zai riƙa ɗauka da irin ruwan da zai riƙa shiga. Waɗannan biyun su ne ke yanke hukunci kan tsawo, da irin roba, da irin daɓe, da girman inji, wani lokaci ma su nuna cewa ba kwale-kwalen roba ake bukata ba sam.

Shi dai wannan jirgi ba sabon abu ba ne. Kamfanin Zodiac na ƙasar Faransa ya fara ƙera irinsa a shekarun 1930, kuma a 1952 wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a cikin irin wannan jirgi wanda tsawonsa bai kai mita 5 ba, cikin kwana 65. Wannan tafiya ta tabbatar da babbar fa'idarsa, wato wuyar nutsewa. Bututun da ke kewaye da shi a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, yawanci uku ko fiye, ta yadda idan ɗaya ya sace sauran za su riƙe jirgin a kan ruwa. Yana kuma da faɗi, ba ya saurin kifewa, kuma ruwa kaɗan ya ishe shi wucewa. Sai dai wannan bututu da ke ba shi aminci shi ne ke cinye masa fili. Jirgin da faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi daga waje, abin da ya rage a ciki bai cika wuce santimita 70 zuwa 80 ba.

Saboda haka fataken da ke son kai buhunan albasa, wake ko tumatir zuwa garuruwan da ke cikin ruwa ba su da wata riba a kwale-kwalen roba. Jirgin faiba ko na katako, irin waɗanda ke lodi a tashoshin ruwan Fatakwal, shi ne na wannan aiki, ya fi ɗaukar kaya, ya fi jure gogayya, kuma akwai masu gyaransa a kusa. Na roba amfaninsa a wani wurin yake: kai ma'aikata uku ko huɗu wurin aiki, duba kejin kifi, sintiri, ceto a lokacin ambaliya, da duk wani aikin da ke bukatar jirgin da za a naɗe a jefa bayan a-kori-kura a kai shi inda babu tasha.

Game da tsawo, abin da aka saba gani a kasuwa shi ne na mita 2.5 zuwa 2.7 yana ɗaukar mutum biyu ko uku da ƙaramin inji mai ƙarfin doki 4 zuwa 6. Na mita 3 zuwa 3.3 ana rubuta masa mutum huɗu da inji har zuwa doki 10 ko 15. Na mita 3.8 zuwa 4.2 yakan ɗauki biyar zuwa bakwai da inji mai doki 20 zuwa 30, daga nan kuma sai manya waɗanda ke karɓar doki 40. Kowane jirgi na ƙwarai yana da ɗan allo da maƙerinsa ya manna a jikin katakon baya, mai nuna iyakar nauyi, iyakar mutane, iyakar ƙarfin inji da yawan iskar da za a hura. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6185 ita ce ta tsara wannan, kuma a lissafinta kowane mutum kilo 75 ne. Jirgin da ba shi da wannan allo, komai arharsa, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da yake saye.

Adadin mutanen da ke kan allon iyaka ne, wadda aka auna a ruwa mai kwanciya ba tare da kaya ba. Idan aka shigar da tankin mai, anga, igiya, famfo, filafili biyu da akwatin kayan aiki, wurin zaman mutum ɗaya ko biyu ya tafi. Don haka wanda ke da ma'aikata huɗu, na mutum shida ya kamata ya nema. Ƙarin rabin mita a tsawo yana kuma sauya yadda jirgi ke hawa igiyar ruwa ƙwarai, abin da ke da muhimmanci a kogin Bonny inda manyan jiragen dakon kaya da na iskar gas ke wucewa suna barin igiya a bayansu.

Batun roba shi ne inda yanayin Fatakwal ya fi yin tasiri, kuma nan ne aka fi yin asara. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai PVC, mai arha da sauƙin nauyi, sannan akwai wadda har yanzu ake kira Hypalon, ko da yake kamfanin DuPont na Amurka mai wannan suna ya daina yin ta tun 2010, wasu kamfanoni ke yin makamanciyarta da sunan CSM. PVC ba ta shiri da zafin rana mai tsawo: takan bushe, ta yi danƙo, ta fara tsagewa. Ba ta kuma shiri da fetur da ɗanyen mai, alhali malalar mai a rafukan yankin ba ɓoyayyen abu ba ce, kamar yadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011. Hypalon ta fi jure duka biyun nesa ba kusa ba, amma kuɗinta ya fi yawa sosai. Wanda zai riƙa barin jirgi a ruwa ko a rana kullum, Hypalon ce ta fi masa arha idan aka raba kuɗin da shekarun aiki. Wanda zai ajiye nasa a naɗe cikin sito sai lokacin ambaliya, PVC ta wadatar, da sharaɗin a tambayi yadda aka haɗa ta. Wadda aka haɗa da zafi ta fi wadda aka liƙa da gam, domin gam yana saki a wuri mai zafi da laima, kuma wurin da ya fi fara saki shi ne inda katakon baya ya haɗu da bututu, wato daidai inda inji ke rataye. Ɓera ma yana cin jirgin da aka naɗe aka manta da shi.

Faci kuwa ba irin na taya ba ne. Kowace roba da gam ɗinta, na PVC ba ya kama Hypalon, kuma aikin yana son busasshen wuri, abin da ke da wuyar samu a garin da ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara. Ya kamata a sayi kayan facin tare da jirgin.

Sai daɓe. Mafi sauƙi shi ne na 'yan faya-fayan katako da ake naɗewa tare da jirgin, wanda bai dace da inji mai ƙarfi ba. Akwai daɓen iska da ake hurawa har ya yi tauri, mai sauƙin ɗauka amma mai tsoron ƙusa da ƙugiya. Akwai na allunan katako ko alminiyam da ake jerawa, wanda ya fi dacewa da aiki domin mutum na iya tsayawa a kai ya ja wani daga ruwa. Na ƙarshe shi ne jirgi mai ƙasan faiba ko alminiyam da bututun iska a gefe, wanda aka ƙirƙiro a kwalejin Atlantic da ke yankin Wales na Birtaniya a shekarun 1960. Ba ya naɗuwa, sai an ja shi da tirela, amma shi ne ya fi yanka igiyar ruwa. A rafukan da ke kewaye da Trans-Amadi ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana, kuma idan ya janye sai laka, saiwoyin itatuwan bakin ruwa masu ɗauke da ƙwanso mai kaifi, da tarkacen ƙarfe su bayyana. Ƙasan roba ba ya daɗewa a irin wannan wuri idan ana jan sa a gaɓa kullum.

A ɓangaren inji, abin da ake nema shi ne ƙarfin da zai ɗaga jirgi ya hau saman ruwa ya riƙa sulɓi, maimakon ya riƙa tura ruwa da ƙirji. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne doki ɗaya ga kowane kilo 20 na jimillar nauyi. Misali, jirgi mai kilo 70, inji kilo 40, mai kilo 20, kaya kilo 20 da mutum biyu, jimilla kilo 300 ke nan, doki 15 zai ɗaga shi. Idan mutanen suka zama huɗu, nauyi ya koma 450, sai mai doki 25. Injin da ya gaza yakan sha mai da yawa yana kuka ba tare da gudu ba. Wanda ya zarce abin da allo ya yarda kuwa ya fi haɗari, domin nauyinsa na danne bayan jirgi, ƙarfinsa na ɗaga goshi, kuma yana iya ɓalle katakon baya.

Haka nan dole tsawon ƙafar inji ya dace da tsayin katakon baya. Gajerar ƙafa inci 15 ce, doguwa inci 20. Yawancin ƙananan jiragen roba gajera suke so, alhali yawancin tsofaffin injinan da ake samu a bakin ruwa dogayen ƙafa ne da aka ciro daga jiragen faiba. Doguwar ƙafa a gajeren katako tana rage gudu, tana watso ruwa cikin jirgi, tana kuma dukan ƙasa a wuri marar zurfi. Gajera a dogon katako kuma farfela ba ta kama ruwa, injin ma yana iya rasa ruwan sanyaya.

Injinan iri biyu ne. Mai bugu biyu, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yawanci kashi ɗaya cikin 50, shi ne ya mamaye yankin, musamman samfurin Enduro na kamfanin Yamaha. Yana da sauƙin nauyi, mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, makanikansa da kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Mai bugu huɗu na wannan ƙarfi yana kusan kilo 50, ya fi tsada, amma ya fi tsimin mai, ba shi da hayaƙi da ƙara sosai. Kafin 29 ga Mayu, 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma, wannan bambanci bai dami kowa ba. Bayan da lita ta haura Naira 1,000 a 2024 lissafin ya sauya. Mai bugu biyu na doki 15 yana shan kimanin lita 7 a awa idan aka buɗe masa wuta duka, na doki 40 kuma kimanin lita 20. Ma'ana, tankin lita 25 da zai yi wa na farko fiye da awa uku, na biyu zai shanye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Wanda jirginsa ke aiki kullum zai mai da kuɗin mai bugu huɗu ta hanyar tsimin mai. Wanda ke fita sau biyu a wata ba zai mayar ba, kuma ɗaga kilo 50 daga mota zuwa gaɓa mai santsi aikin mutum biyu ne.

Ruwan Fatakwal yana da gishiri-gishiri, don haka a kan wanke cikin inji da ruwan daɗi bayan aiki, a kuma riƙa duba ɗan ƙarfen da aka ɗaura a ƙafarsa domin tsatsa ta ci shi a madadin injin. A Anacha babu wannan matsala, amma kogin Neja yana da tasa: ƙarfin gudu a lokacin cika, tsibiran yashi da rani, da kainuwa mai toshe farfela da kafar shan ruwa. A can ƙaramin inji mai doki 5 da zai wadatar a tafkin Nike na Inugu ba zai iya hawa da jirgi mai lodi gaba da ruwa ba.

Iskar bututu ma tana da ƙa'ida, yawanci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aunin bar. Jirgin da aka hura da sanyin asuba aka bar shi a rana iskarsa na ƙaruwa har ta matsa wa haɗin, wanda aka hura da rana kuma yakan yi laushi da zarar ya taɓa ruwa. Ƙaramin ma'aunin iska ya fi danna bututu da yatsa.

A fannin doka, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ita ce ke rajistar jiragen da ke bin ruwayen cikin gida. Ta wajabta sanya rigar kariya, ta kuma hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Haɗarin da ya auku a ƙaramar hukumar Ogbaru, kudu da Anacha, a watan Oktoban 2022, inda aka ba da rahoton mutuwar mutum 76 a wani jirgin da ke kwashe masu gudun ambaliya, ya faru ne a daidai irin lokacin da ake ɗora wa kowane abin hawa na ruwa fiye da ƙarfinsa. Kuɗin rigunan kariya na kowane mutum, da igiyar da ke kashe inji idan direba ya faɗa ruwa, da filafili, da anga, da rajista, duk suna cikin kuɗin jirgin tun ranar farko. Tun da kuma jirgin da injin duka daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin Dala, shi ya sa ya dace mai saye ya nemi dillali ya rubuta masa farashin kowane ɗaya daban, tare da lambar injin da shekarar da aka ƙera jirgin.