Yaƙi yana waje, kada mu shigo da shi cikin gida



Kowa ya san halin da wasu sassan ƙasarmu suka shiga. A shekarar 2015 ƴan Boko Haram sun kai hari Bosso da Diffa. A 2016 suka sake komawa Bosso, dubban mutane suka watse. Daga 2019 kuma ƴan bindiga suka koro jama'a daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, suka tsallako jahar Maraɗi, wajen Gidan Runji da Madarunfa. Gwamnati da hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira suka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A 2021 an kashe mutum 137 rana guda a yankin Tiliya, cikin jahar Tawa.

Ana ƙidaya waɗanda suka rasu. Ana ƙidaya bisashen da aka kora. Amma akwai ɓarnar da ba a ƙidayawa, ita ce wadda ke shiga gidaje bayan an tsira.

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani magidanci da ya gudo da iyalinsa. Wata rana bayan an tashi, ya tsaya ya ce mini: "Malam, ɗana mai shekara 7 ya koma hitsarin kwance. Na buge shi har na gaji, bai bari ba." Na tambaye shi yaushe abin ya fara. Ya yi shiru, sannan ya ce tun daren da suka kwana cikin gero suna jin harbi.

To jama'a, wannan yaro ba taurin kai gare shi ba. Tsoro ne ya zauna cikin jikinsa. Duka kuwa ƙara tsoro yake yi.

YADDA AKE GANE YARON DA YA TSORATA

Yaro bai iya cewa "raina ya ɓaci" ba. Jikinsa ne ke magana. Wani yana hirgita cikin kwana. Wani ya liƙe wa uwarsa, ko rijiya ba ta zuwa sai da shi. Wani ya daina magana da wasa. Wani ya riƙa kukan ciwon ciki ko ciwon kai, alhali ba zazzaɓi. Wani ya zama mafaɗaci. Idan babur ya wuce sai ya ruga ya ɓoye.

MANYA MA SUNA CIKI

Magidancin da ya bar gona da rumbu da garke, yau yana jiran taimako. Ba ya samun barci, kunya ta cika shi. Abu kaɗan sai ya hau matarsa da zagi ko mari. Wani ya faɗa shan taramol, abin ya ƙara lalacewa. Ita ma uwa ta gaji, sai ta sauke hushinta kan ɗiya. Wanda ya kore su yana daji, wanda ke shan dukan yana cikin ɗaki. Wannan zalunci ne, kuma wahala ba ta halatta shi.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Idan ka ji zuciya ta taso, hita daga ɗakin. Ka yi alwala, ka zauna, ka ja iska a hankali. Sai ka huce ka dawo ka yi magana.

2. Kada a girgiza jariri don yana kuka. Girgiza tana iya lalata ƙwaƙwalwarsa, har ta kashe shi. Mari a kunne kuma yana iya kurmantar da yaro.

3. A tsayar wa yara lokaci: lokacin fura, lokacin makarantar allo ko lakwal, lokacin kwana. Yaron da ya san abin da zai zo gobe hankalinsa ya kan kwanta.

4. Idan yaro ya yi tambaya, a gaya masa gaskiya daidai shekarunsa. A ce masa: "Mun gudo, yanzu muna tare, kuma ba laihinka ba ne." Idan bai son magana, kada a matsa masa.

5. Kada a yi hirar kashe-kashe gaban yara. Kada a nuna musu hotunan gawa cikin salula.

6. A bar su su yi wasa, su yi langa da gaɗa. Kaka ta yi musu tatsuniya da dare. Wasa magani ne ga yaro.

MAƘWABTA, KU MA DA NAKU

Idan ka ji kuka kullum bayan danga, kada ka ce ba ruwanka. Ka samu maigidan shi kaɗai, ba cikin mutane ba, ka saurare shi. Ka gayyace shi fada, ka kai shi gayya, ka ara masa ɗan wurin noma in kana da hali. Mata kuma ku jawo baƙuwa cikin asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jahar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa taron mata na mako-mako yana kawo jari, yana kuma kawo abokiyar shawara.

Idan duka bai tsaya ba, a sanar da maigari da liman. Idan an ji wa mace ko yaro rauni, a kai shi gidan likita, a kuma sanar da jandarmomi. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta likita kafin kwana 3 su cika, domin cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga sida ke aiki. Wanda ya daina cin abinci, ko yake maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita ranar nan.

Shi magidancin ajinmu ya ajiye bulala. Ya kan tada yaron cikin dare ya raka shi bayan ɗaki, ya kwantar da shi kusa da shi. Hitsarin bai ɗauke gaba ɗaya ba tukuna, amma yaron ya koma wasa da tsaransa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lahiya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.