Haihuwar Fari a Barikin Ƙetare: Asibiti, Takardu da Nisan Dangi

A kewayen birnin Kaiserslautern, kudu maso yammacin Jamus, Amurkawa kimanin dubu 50 ne ke zaune: sojoji, ma'aikatan farar hula da iyalansu. Da yawa daga cikin sojojin matasa ne masu sabon aure, kuma wanda aka turo tare da iyali yakan yi shekara 3 kafin a sauya masa wuri. Shekara uku kuwa ta isa a yi ciki, a haihu, har a yaye. Shi ya sa haihuwar fari ke riskar ma'aurata da dama a nan. Abubuwan da mai haihuwa a gida ke samu ba tare da ta nema ba, wato wurin sauka, ƙasar jariri da hannun taimako, a ƙetare sai an tashi an tsara su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda aikinsa ya faɗo kusa da sansanin jiragen sama na Ramstein ya taki sa'a, domin asibitin Landstuhl, wanda aka buɗe a 1953, na nan kusa. Shi ne asibitin sojan Amurka mafi girma a wajen ƙasar. An fi saninsa da karɓar waɗanda suka jikkata a Iraƙi da Afganistan, amma yana da ɗakin haihuwa. Sai dai ba kowane bariki ke da irin wannan gata ba. A ƙananan sansanoni akan ɗauke mai ciki tun da sauran makonni, a kai ta masauki kusa da babban asibiti kamar Landstuhl ko na sojan ruwa da ke Yokosuka a Japan, ta zauna jiran naƙuda. Suna kiran wannan tsari Sheƙar Shamuwa. Dole a yi tafiyar da wuri, saboda yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36. Akwai kuma wuraren da ba a zuwa da iyali ko kaɗan, irin sansanin Agadas da Amurka ta bari a 2024.

Wasu matan a asibitin Jamusawa suke sauka, inshorar soja ta TRICARE ta biya, jami'an tuntuɓa masu jin harsunan biyu kuma su yi tafinta. A can za a ba mai ciki ɗan littafin awo, Mutterpass, ta riƙa yawo da shi duk inda za ta. Dokar Jamus ta wajabta wa likita ya kira ƙwararriyar ungozoma a kowace haihuwa, abin da yakan ba Ba'amurkiyar da ta saba ganin likita ne ke jan ragama mamaki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne zancen ƙasar jariri. Mutane da yawa na zaton tunda tutar Amurka ke kaɗawa a bariki, wanda aka haifa a ciki tamkar a Amurka aka haife shi. Ba haka doka ta ce ba. Barikin ƙetare ƙasar mai masauki ce, kuma gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, wanda ke ba kusan duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa, bai kai can ba. Ta jinin iyaye jariri ke samu. Idan uba da uwa duka Amurkawa ne masu aure, ya isa a ce ɗayansu ya taɓa zama a Amurka. Idan ɗaya ne Ba'amurke, sai ya nuna ya yi shekara 5 a ƙasar kafin haihuwar, 2 daga ciki bayan ya cika shekara 14, kodayake ana lissafa masa lokacin da ya yi yana aikin soja a waje.

Ita ma ƙasar da aka sauka ba ta bayarwa a banza. Japan jini take bi. Jamus ta sassauta tun shekarar 2000, amma da sharaɗin ɗaya daga cikin iyayen ya yi shekaru yana zaune bisa doka, 8 a da, 5 tun 2024, kuma yana da izinin zama na dindindin. Soja ba ya cikin wannan layi, domin zamansa na ƙarƙashin yarjejeniyar ƙawancen NATO ta 1951. Jaririn zai zama Bajamushe idan uwa ko uba Bajamushe ne. Tambayar ƙasar ɗan sojan Amurka da aka haifa a ƙetare ta taɓa kaiwa ƙoli: John McCain, ɗan hafsan sojan ruwa, an haife shi a 1936 a yankin mashigin Panama. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2008, sai da majalisar dattawa ta zartar da ƙudurin cewa haifaffen ɗan ƙasa ne. Nijeriya ma jini take bi ga wanda aka haifa a waje: sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa.

Daga nan sai jerin takardu, kowace na jiran 'yar'uwarta. Da shaidar asibiti ake neman takardar ofishin jakadanci mai tabbatar da haihuwa a waje, FS-240, inda akan buƙaci iyaye su zo da jaririn a gan shi ido da ido. Da ita ake samun fasfo, a kan fasfon ake sa shaidar zama ta yarjejeniyar sojoji. Cikin kwana 120 dole a shigar da sunan jariri rajistar iyalan soja don kada inshora ta yanke, kuma rundunar uban ko uwar ta amince da shi a hukumance a matsayin ɗan gida. Kafin fasfo ya fito, ko rasuwa aka yi a Amurka, jaririn ba ya hawa jirgi.

Saura abin da takarda ba ta iya yi. A ƙasar Hausa mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa wankan jego, a dama mata kunun kanwa, a karɓi jariri ta runtsa. Matar soja a Jamus tana da tazarar awa 6 tsakaninta da mahaifiyarta a gabashin Amurka, ta Japan kuwa awa 13 ko 14; lokacin da jariri ke tsala kuka, kaka na barci ko tana wurin aiki. Rundunar na ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Tun farkon 2023 kowane soja da aka yi wa haihuwa, namiji ko mace, na da hutun mako 12, sojar da ta haihu kuma akan ɗage tura ta fagen daga na shekara guda. Akwai ma'aikatan jinya masu zagayen gida suna koya wa sababbin iyaye shayarwa da wankan jariri, maƙwabta kuma su raba kwanakin kawo abinci. Idan miji na bakin daga, ƙungiyar agaji ta Red Cross ce ke tabbatar da labarin haihuwa ta isar wa kwamandansa.

Waɗanda suka sha wuya kaɗan su ne masu fara shiri tun ciki na ƙarami: su tattara takardar aure da shaidar shekarun zama a Amurka, su san asibitin da za a je, su nemi wadda za ta tsaya musu. Ita kuwa FS-240 sai a adana ta da kyau, domin yaron zai bar Jamus tun bai yi wayo ba, amma da ita zai nuna shi ɗan ƙasa ne duk ranar da aka tambaya.