Mai Barcin da Ya San Mafarki Yake: Matsayinsa da Hukuncin Azuminsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya barci hutu ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai tambayar da ke maimaituwa kowace shekara idan azumi ya yi nisa, daga Madawa da Buza da Keita da ƙauyukan da ke kewaye da su. Mutum ya yi sahur, ya sallaci asuba, ya koma ya kwanta. Yana cikin mafarki sai hankalinsa ya ba shi cewa wannan abin da yake gani mafarki ne. Bai farka ba, jikinsa na kan tabarma, amma ya san halin da yake ciki, har wani yakan iya juya mafarkin yadda ya so: ya tashi sama, ya je wani gari, ya kira wanda ya rasu. Wasu sun tsorata, sun ɗauka shafar aljanu ce, sun nufi boka. Wasu kuma sun yi murna fiye da kima, sun ɗauka ƙofar walittaka ce ta buɗe musu. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Mu fara da yadda Allah ya halicci barci. A shekarar 1953 wasu masu bincike biyu a jami'ar Chicago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka lura cewa barci ba iri ɗaya ba ne daga farkon dare zuwa ƙarshensa. Akwai lokacin da idanun mai barci ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwarsa na aiki kamar ta wanda yake farke, amma gaɓoɓinsa a sake suke, ba ya iya motsa su. Idan aka tashe shi a wannan lokaci, galibi zai ce mafarki yake. Wannan barci na motsin ido yana zagayowa kusan kowane minti 90, kuma gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo yayin da asuba ke kusantowa. Sakewar gaɓoɓin nan rahama ce, domin da ba ta nan, wanda ya yi mafarkin gudu da ya tashi ya faɗa rijiya. Kuma ita ce asalin abin da muke kira dannau: hankali ya riga jiki farkawa, mutum ya ji an danne shi, bayan ɗan lokaci ya sake.

To, ku dubi yadda muke kwana a watan Ramadan. Mu yi asham, mu kwanta a makare, mu tashi sahur, mu yi salla da karatu, hankali ya wartsake sarai, sannan mu koma barci daidai lokacin da barcin motsin ido ya fi tsawo. Masu binciken barci, idan suna son jawo irin wannan mafarki da gangan, abin da suke yi ke nan: su tashi mutum bayan awa biyar ko shida, su bar shi a farke na ɗan lokaci, su mayar da shi barci. Manomin albasa da ya koma kwanciya bayan asuba kafin ya sauka fadama, da ɗalibin da ya kwana tahajjudi a goman ƙarshe, sun bi wannan hanya ba tare da sun nufa ba. Shi ya sa tambayar ke yawaita a wannan wata.

Abin ba sabo ba ne, ba kuma na wasu kaɓaɓɓun mutane ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kansa a 1913. A 1975, a jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya shirya da wani mutum cewa idan ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama sau ƙidayayye, tunda ido yana iya motsawa a cikin wannan barci. Na'ura ta nuna alamar, ta kuma nuna mutumin barci yake. Stephen LaBerge ya tabbatar da haka a jami'ar Stanford ƴan shekaru bayan nan. A 2021 aka wallafa wani bincike na ɗakunan gwaji huɗu, a Amurka da Faransa da Jamus da Holan, a kan mutum 36, inda aka yi wa masu barci ƙaramin lissafi kamar takwas a cire shida, wasunsu suka ba da amsa daidai da motsin ido. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru 50 ya ƙiyasta cewa kashi 55 cikin ɗari na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki ko da sau ɗaya. Abin da ke faruwa ga fiye da rabin ƴan Adam, mumininsu da kafirinsu, ba zai zama hujjar walittaka ba, ba zai kuma zama alamar cuta ba.

Yanzu ina matsayinsa a cikin abin da aka karantar da mu? Ya inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa mafarki kashi uku ne: na gari wanda bushara ce daga Allah, da na baƙin ciki daga Shaiɗan, da abin da rai ke zantawa da kansa. Mafarkin da mutum ya kama linzaminsa yana juya shi yadda yake so, babu shakka cikin kashi na uku yake. Kai ka shirya shi, to wa zai fassara maka abin da ka ƙulla da hannunka? Mafarkin gaskiya kyauta ce, zuwa yake ba a kira shi ba. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ambata a Muƙaddimarsa cewa daga alamominsa akwai saurin farkawa bayansa da kuma zamansa daram a cikin zuciya ba tare da an yi ƙoƙarin tunawa ba. Iya sanin cewa mafarki kake bai mayar da mafarki ƙarya ba, bai kuma mayar da shi gaskiya ba. Amma da zarar ka sa hannu ka juya, ya zama zancen ranka.

A nan haɗarin yake, kuma a nan nake son mu daɗe. Saurayi ya koyi juya mafarkinsa, ya ce bari in kira mahaifina da ya rasu in tambaye shi wa ya fi cancanta da gonar gado. Surar mahaifin ta zo, ta faɗi abin da ran saurayin ke so, domin daga ransa ta fito. Gari ya waye ya tara ƴan uwa ya ce Baba ya zo mini. Ko mace ta ga kishiyarta a mafarkin da zarginta ya gina, ta tashi ta ce an nuna mini mai yi mini sammu. Da irin wannan ake raba zumunci, ake ɓata sunan bayin Allah. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya yi da'awar mafarkin da bai gani ba, za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar alƙiyama, kuma ba zai iya ba. Wanda ya shirya mafarki da kansa, sannan ya ba mutane labarinsa a matsayin abin da aka nuna masa, ya ɓoye rabin gaskiya, kuma ya kusanci wannan narko.

Malamai sun toshe wannan ƙofa tun da daɗewa. Muhammadu Ibnu Sirin, idan mutum ya ce masa ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ce ya siffanta wanda ya gani; idan siffar ba ta dace ba sai ya ce masa ba shi ka gani ba. Imamu Nawawi ya kawo misalin da ya shafi watanmu: idan ba a ga wata ba a daren talatin ga Sha'aban, sai wani ya yi mafarkin Annabi yana gaya masa azumi ya kama, ba za a ɗauki azumi da wannan ba, shi kansa ma ba zai ɗauka ba, domin mai barci ba ya cikin halin kiyaye ruwaya. Risalar Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta hana wanda ba shi da sanin fassarar mafarki ya fassara shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin wannan yanki namu a 1754, ya ba da labarin abin da aka nuna masa yana da shekara arba'in. Amma idan ya zo karantar da jama'a halal da haram, aya da hadisi da maganar malaman mazhaba yake kawowa.

Sai batun azumi. An ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito. Wanda ya san mafarki yake, mai barci ne har yanzu. Idan ya ci ya sha a mafarkin kwanciyar rana, babu abin da ya wuce maƙogwaronsa, azuminsa na nan. Idan ya yi mafarkin da ya wajabta wanka, ya yi wanka ya ci gaba da azuminsa, babu ramuwa. Amma a kula da iyakoki biyu. Na farko, wanda ya kwanta da rana yana cika zuciyarsa da sha'awa domin ya jawo ta cikin mafarki, wannan niyya a farke ya ƙulla ta, kuma ba halin mai azumi ba ne. Na biyu, irin wannan barci marar nauyi ne, sau da yawa mutum kan farka a tsakiyarsa; da zarar ya farka alƙalami ya dawo, abin da ya ci gaba da shi da gangan hukuncin farke ne a kansa.

Akwai kuma wanda ke mafarkin ya farka, ya yi alwala, ya yi salla, alhali yana kwance. Sallar mafarki ba ta sauke farilla. Ya tashi ya yi ta da zarar ya farka na gaskiya.

Ga wanda munanan mafarkai ke damu, wannan sani na iya zama sauƙi. Idan ka gane cewa abin da ke bin ka mafarki ne, tsoro ya ragu, kuma likitoci sun gwada wannan hanya ga masu yawan firgita cikin barci. Idan ka farka sai ka bi abin da aka koyar: ka yi tofi marar yawu a hagunka sau uku, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya ɗaya gefen, in ka so ka tashi ka yi salla, kuma kada ka ba kowa labari. Wanda abin ya kai shi ga rashin barci, ko ya fara kasa bambance abin da ya gani a mafarki da abin da ya faru a zahiri, danginsa su kai shi ga likita, kada su jira bayan salla. Allah shi ne mafi sani.