Baƙin Rami a Kan Baƙin Allo

A wata sakandaren gwamnati, inda ɗakin gwaje-gwaje ya fi tara ƙura da kayan aiki, darasin Fiziks na 'yan ajin ƙarshe kan faɗo ne da hantsi, kwanon rufi ya ɗau zafi, yara huɗu-huɗu a benci. WAEC da NECO na tafe, malam na sauri ya cinye manhaja. Duk wanda ya ce a koyar da baƙin rami a nan, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya fita, za a ce ya ɗora wa yara kayan da ya fi ƙarfinsu. A ganina rowa ake yi musu.

Ai ƙofar shiga tana cikin littafinsu. Sun haddace cewa abin da zai tsere wa jan Duniya sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. Tambaya ɗaya malam zai ƙara: in aka matse abu har gudun tserewar ya wuce na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, me zai faru? Kusan irinta ce John Michell ya yi a Ingila a 1783, da wannan lissafin na Newton. Yaro ya ɗauki alli ya zuba lambobin, zai ga sai an dunƙule Duniya ta koma kamar ɗan magarya, faɗinta bai kai santimita 2 ba, Rana kuma faɗin kilomita 6. Wanda ya fito da wannan amsa da hannunsa ba zai manta ƙa'idar a ɗakin jarrabawa ba, ko da baƙin ramin bai fito ba.

Rashin kayan aiki ƙaramar hujja ce. Yara huɗu su ja zane, a ɗora dutse a tsakiya, a gangara lemun tsami, kowa ya ga yadda hanyarsa ke lanƙwasa. Hujjar da ke da nauyi ita ce ta masana, cewa lissafin Newton ya kai ga amsar ne ta ɓarauniyar hanya, bayanin gaskiya yana ga Einstein a 1915 da Schwarzschild a 1916. Haka ne, kuma wajibi malam ya faɗa ƙarara: lambar daidai ce, dalilin yana jiransu a jami'a. Sannan ya ciro wayarsa, ya buɗe hoton da aka fitar a 2019 na ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87, zoben haske kewaye da duhu, ya miƙa wa bencin gaba ta zagaya aji.