Kejin Ƙarfe Cikin Motar Tsere: Ba Kowane Bututu Ne Ke Tsare Rai Ba

A cikin watan Janairu na shekarar 2020, wajen tseren motoci na Monte Carlo, motar wani direba mutumin ƙasar Estoniya mai suna Ott Tänak, wanda a lokacin shi ne zakaran duniya, ta ƙwace daga kan hanya a cikin duwatsun Faransa tana gudun kimanin kilomita 180 a sa'a guda. Ta faɗa gangare, ta yi ta wuntsilawa a cikin itatuwa, har da ta tsaya ba mai iya cewa Hyundai ce sai wanda ya sani. Amma shi direban da abokin tafiyarsa mai karanta masa hanya, Martin Järveoja, da ƙafafunsu suka fito.

Kwana dai na Allah ne, amma akwai sanadi. A cikin irin wannan motar tsere akwai waɗansu bututan ƙarfe da aka lanƙwasa aka haɗa da walda, suka kewaye mazaunin direba ta sama da gefe da baya, kamar yadda keji ke kewaye tsuntsu. Aikin wannan keji shi ne in mota ta kife, ko ta yi karo da itace, jikinta ya lotse yadda ya ga dama, amma ɗakin da mutum ke zaune ya tsaya yadda yake.

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Dattawan direbobi da ke zaune a Agege da Sabo ta Badun ba su manta da tseren motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu ba, ba su kuma manta da Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ba, irin motar da ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a wannan shekara, ta sake ci a 1978. A 'yan shekarun nan kuma samari masu sha'awar gudu sun fara shirya tsere a jihohin Ondo da Edo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya tura motarsa garejin ɗan Arewa mai walda a Ikko, ya ce a yi masa keji. Mai waldan da ya karɓi wannan aiki ya sani ran mutum aka danƙa masa, ba ƙofar shago ba.

Littafin doka kafin sayen ƙarfe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara sayen keji, sa'an nan ya je neman inda zai yi tsere. Hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, watau FIA, wadda aka kafa a 1904, tana da ƙa'idojinta a wani sashe na dokokinta da ake kira Rataye J, a ƙarƙashin doka ta 253. Kowace ƙasa kuma tana da ƙungiyar da ke wakiltar hukumar, kuma masu shirya kowane tsere suna da nasu ƙarin sharuɗɗa. Kejin da aka yarda da shi a wani wuri ana iya ƙinsa a wani. Wanda zai riƙa zagaya fili shi kaɗai ana auna masa lokaci, sau da yawa rabin keji ya ishe shi, watau babban baka guda a bayan kujera da ƙafafu biyu da suka tokare shi ta baya. Amma wanda zai shiga cikin motoci ana gogayya ƙofa da ƙofa, ko tseren daji inda akwai itatuwa da ramuka, dole ne ya sa cikakken keji mai ƙafa shida, wanda ya bi ginshiƙan gilashin gaba ya sauka ƙasa.

Keji iri biyu ne ta wajen ɗaurawa. Akwai wanda ake ɗaurewa da noti, ana iya kwance shi a mayar da mota yadda take. Akwai kuma wanda ake like shi da jikin mota da walda, wanda ya fi ƙarfi, ya kuma fi matsewa kusa da rufi da ginshiƙai, ya bar wa kan direba sarari. Amma shi in ya shiga ya shiga ke nan, motar ta tashi daga ta zuwa kasuwa.

Bututun ruwa ba ya yi

Nan ne maganar ta fi shafar masu sana'a. A ido, bututun ruwa da ake sayarwa a kasuwar ƙarafa da bututun keji duk ɗaya ne, in an shafa fenti ma sai a rantse. Amma bututun ruwa falle ne aka naɗe aka like, yana da ɗinki daga wannan baki zuwa wancan, kuma an yi shi ne don ya riƙe ruwa, ba don ya ɗauki nauyin mota mai faɗowa daga sama ba. Ranar da aka neme shi, ta wajen ɗinkin nan zai tsage, tsagaggen ƙarfe kuwa a cikin mota mai wuntsilawa mashi ne.

Dokar FIA ta shekarar 2020, wadda ta zayyana yadda za a ƙera keji da hannu, ta ce sai bututu marar ɗinki, wanda aka ja shi da sanyi, sinadarin kabon da ke cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Ƙarfinsa kuma ya kai yadda kowane murabba'in milimita zai jure jan nauyin kimanin kilo 35 kafin ya tsinke. Babban bakan da ke bayan direba faɗinsa kada ya kasa milimita 45 da kaurin 2.5, ko milimita 50 da kaurin 2. Sauran sassa kuwa milimita 38 da kaurin 2.5, ko 40 da kaurin 2. Ba a yarda a gasa bututu da wuta don a lanƙwasa shi ba, sai dai da na'ura, da sanyi, kuma lanƙwasar ta zama mai faɗi, ba tare da bututun ya tauye ko ya yi tamoji ba. Mai sayen irin wannan ƙarfe ya nemi takardar masana'antar da ta yi shi, domin rantsuwar ɗan kasuwa ba ta shiga ma'auni.

Akwai waɗansu ƙarafa masu tsada, irin su T45 na Ingila da 4130 na Amurka, waɗanda sun fi ƙarfi, saboda haka ana iya rage kaurinsu mota ta yi sauƙin nauyi. Sai dai irinsu sai masana'antar da aka ba izni, kuma waldarsu tana son gwani. A manyan tsere na duniya yanzu keji mai takardar shaida ake nema, wanda aka manna masa lamba a jiki. Irin wannan ba a ƙara masa ko guntun ƙarfe, ba a huda shi, in ya lalace kuma ba mai gyara shi sai wanda ya ƙera shi ko da yardarsa.

Ko da ƙarfe ya yi kyau, sai an duba siffa. Kowane kafinta ya san tebur mai ƙafa huɗu yakan yi rawa har sai an buga masa katako a karkace. Haka keji yake: murabba'i yana kwantawa, mai kusurwa uku ba ya kwantawa. Don haka ne doka ta wajabta sandar da ke ratsa babban baka a karkace, da sanduna a bakin ƙofofi, ta kuma ce ƙafafun baya su karkata da aƙalla digiri 30.

Sa'an nan sai gindi. Ƙasan mota falle ne marar kauri, balle motar da ta sha ruwan gishirin Ikko ta yi tsatsa. In aka dasa bututu a kansa kai tsaye, ranar haɗari sai ya huda shi ya wuce kamar ƙusa a cikin gwangwani, rufi ya sauko har kan mutum, keji kuwa lafiyarsa lau. Shi ya sa aka ce a shimfiɗa wa kowace babbar ƙafa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin murabba'in santimita 120, watau kamar santimita 11 kowane gefe, in da noti za a ɗaure kuma kada su kasa uku, masu kaurin milimita 8. Walda kuma dole ta zagaye bututu gaba ɗaya. Wurin da ake yawan yin ha'inci shi ne saman mahaɗar da ke manne da rufi, inda hannu ba ya shiga, ido ma ba ya gani. Masu aikin kirki sukan huda ƙasan mota su sauke kejin su yi waldar saman, sa'an nan su ɗaga shi su toshe, waɗansu ma rufin suke cirewa ɗungum.

Keji ba ya aiki shi kaɗai

Abin da samari da yawa ba su gane ba shi ne, keji a motar yawo cikin gari haɗari ne. An yi shi ne don mutumin da ke sanye da hular kwano, wanda aka ɗaure tam a kujera. Wanda ya sa keji don ado, ya hau titin Ikorodu da kai tsirara da bel ɗin mota na kullum, ƙaramin karo ma ya isa ya haɗa ƙoƙon kansa da bututu. Sosan katifa da waɗansu ke naɗawa ba ya hana kome, ga shi kuma da saurin kama wuta. Abin da doka ta yarda da shi wani soso ne mai tauri da aka gwada musamman, ana sa shi duk inda hula za ta iya taɓawa.

Haka nan ɗamarar kujera mai reshe shida, wadda ake daina aiki da ita bayan shekara 5 ko da ba ta tsufa a ido ba. Igiyoyin kafaɗarta su tafi baya kusan daidai da tsayin kafaɗa. In suka gangara ƙasa da yawa, ranar karo sai su danne ƙashin baya. Akwai kuma wani abin wuya da ke riƙe hula don kada kai ya fizgu gaba, wanda aka tilasta shi a manyan tseren Amurka bayan rasuwar Dale Earnhardt a Daytona a 2001. Motarsa ba ta kife ba, bango ta daka, fizgar da kansa ya yi ce ta karya gindin ƙoƙonsa.

Duk da wannan, keji yana da iyaka, kuma rauninsa a gefe yake, inda tsakanin mutum da waje bai wuce kaurin ƙofa ba. A 2005, a tseren Wales, Michael Park ya rasu sa'ad da Peugeot 307 da yake karanta wa hanya ta bugi itace ta gefen da yake zaune. A 2023 kuma Craig Breen na ƙasar Ailan ya rasu wajen gwaji a Kuroshiya, da wani turken shinge ya shigo ta taga, inda babu bututun da zai tare.

Kafin a bar kowace mota ta shiga fili, akwai masu bincike, kamar dai VIO da direbobi suka sani, sai dai su nasu ba a roƙonsu. Sukan auna faɗin bututu, su leƙa walda da fitila da madubi, su karanta kwanan watan da ke jikin ɗamara da kujera. Waɗansu ƙungiyoyin Amurka ma sukan sa a huda ɗan ƙaramin rami a jikin bututu don a auna kaurinsa. Motar da ta taɓa kifewa kuma sai an sake duba kejinta, kuma duk bututun da ya lanƙwashe ba a miƙe shi da guduma a mayar, yanke shi ake yi a sa sabo.