Masu Girkin Kasuwa da Ƙwayar Gajiya a Arewacin Zamfara

A kasuwannin mako irin na Kasuwar Daji da Shinkafi da Zurmi, masu sayar da abinci ne ke fara hura wuta tun kafin asuba, su ne kuma na ƙarshen tashi, domin fatake da dillalai da direbobi ba sa barin neman tuwo ko shayi sai motar ƙarshe ta bar tasha. Mai tuwo-tuwo da ta wuni kan muciya, da mahaucin da ya kwana bakin tukuba, da kukun otal a Ƙaura Namoda, duk suna cikin sana'ar da ba ta san lokacin tashi ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta yawan aiki da jarabar aiki. Jarabar aiki, wadda Ba'amurke Wayne Oates ya yi rubutu a kanta a 1971, ita ce mutum ya kasa tsayawa ko da babu abin da ya tilasta masa, har ya riƙa jin laifi idan ya huta. Mafi yawan masu girkin yankin nan talauci da tsadar itace da hatsi ne ke ingiza su, musamman ganin yadda matsalar tsaro ta sa gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako a 2021, amma jiki bai san wannan bambanci ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, kuma irin wannan aiki ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin 745,000 a 2016.

A Amurka da Turai, giya da hodar iblis ne suka yi ƙaurin suna a ɗakunan girki, kamar yadda kuku Anthony Bourdain ya fallasa a littafinsa na shekarar 2000. A Zamfara, inda aka haramta giya tun fara aiki da Shari'a a 2000, haɗarin ya fi fitowa ta ƙwaya irin tiramadol, kuma ya fi wuyar ganewa saboda tana zuwa da sunan magani. Tiramadol maganin ciwo ne dangin ofiyom, wato sinadaran da ke kashe raɗaɗi ta hanyar ƙwaƙwalwa, kuma yana rufe ciwon baya da na ƙafa ne kawai, gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba. Hukumar NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, alhali wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200 ko 225. Da tafiya ta yi nisa jiki yakan saba, sai guda ɗaya ta daina isa, kuma yawan shan yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, abin da ba ƙaramin bala'i ba ne ga wanda ke tsaye gaban tafasasshen mai. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta kiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba.

Dainawa lokaci guda tana zuwa da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ya sa likitoci ke rage adadin a hankali, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato ga wanda abin ya yi wa tsanani. Sai dai wanda ya bar ƙwaya ya koma bakin murhu na awa goma sha shida bai yi nisa da ita ba, tunda dalilin shan yana nan daram. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun kwana ɗaya a mako, amma da wuya ta isa rumfar mai shayi. Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan iyayen gida da shugabannin sana'a irin su Sarkin Fawa, su tsara karɓa-karɓa tsakanin yaransu, su kuma daina ɗaukar yaron da ba ya gajiya a matsayin jarumi kafin su bincika abin da yake haɗiya.