Batir ya rasa gurbi a motar kaya: a rage masa girma ko a sake masa mazauni?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ƙare a Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, ya san motar ɗan kasuwa ba ta zama yadda aka sauko da ita daga jirgin ruwa. Da ta shigo hannunmu sai a ƙara mata sifirin, a ɗora mata kariya a sama, wani ya cire injin fetur ya sa na gazuwal don sauƙin mai, wani ya sa lagireto mai faɗi saboda hawan dutsen Aledjo da na Defale. Kowane ƙari yana cin wuri a ƙarƙashin bonet, kuma wanda ake fara matsewa shi ne batir. Ranar da makaniki ya ce maka "Alhaji, batir ɗin nan ba zai koma gurbinsa ba", hanya biyu ce a gabanka: ko ka sayi ƙarami wanda zai shiga ɗan wurin da ya rage, ko ka kai babban wani wuri a jikin mota ka ja masa waya.

Ni na fara bin ta farko, na kuma ji a jikina. Ina da tsohuwar Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya da nake ɗaukar tumatir da albasa daga Dapaong zuwa Sokode, tafiyar kusan kilomita 300. Da aka sa mata injin gazuwal da babbar matatar iska saboda ƙura, sai batir mai 70Ah ya ƙi shiga. Wani yaron garaji ya kawo mini mai 45Ah, ya zauna daram, kuɗinsa ma bai kai na babban ba. Na yi murna. Wata uku tana tashi lafiya, har wata asuba cikin hunturu a Dapaong, kwandunan tumatir na ɗaure a baya, na murɗa makulli ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru. Motar gazuwal mai cike da kaya ba ta turuwa da mutum uku. Kafin a samo wanda zai ba mu wuta rana ta take, muka ci zafin Mango da na Kara gaba ɗaya, muka shiga Sokode bayan la'asar da tumatir ɗin ƙasa ya zama ruwa. Abin da na rage a kuɗin batir bai kai rabin asarar ranar ba.

Daga baya wani dattijo mai gyaran wutar mota a Sokode, irin wanda mutanen Najeriya ke kira rewaya, ya zaunar da ni ya nuna mini rubutun da ke jikin batir. Lamba biyu ce ke da muhimmanci. Ta farko mai Ah tana gaya maka yawan wutar da yake ajiyewa, kamar girman randa. Ta biyu, wadda aka bi ta da A ko CCA, tana gaya maka ƙarfin da zai iya fitarwa lokaci guda don juya inji da sanyi. Injin gazuwal yana matse iska fiye da na fetur nesa ba kusa ba, don haka na'urar da ke tayar da shi tana jan amfiya ɗari uku ko fiye, kuma kafin nan filogin ɗumama inji sun riga sun sha nasu. Sanyin asubar hunturu yana sa man inji ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Ya ce mini, "Alhaji, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, wata uku da ya yi ma ya yi ƙoƙari."

Akwai abin da ya ƙara tsananta lamarin a arewa. Tun watan Yunin 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, tsayawa a shingen bincike ta yi yawa, kuma kowace tsayawa da aka kashe inji sabon tayarwa ce. Ga fitilun ƙari, ga rediyo, ga wayoyi huɗu ko biyar na fasinja a jone. Ƙaramin batir ba ya samun sararin cika kafin a sake jansa. Kuma tsakanin Mango da Dapaong ba wurin da mutum zai so mota ta mace masa da dare ba ne. Mango ɗin nan, Sansanne-Mango, zangon kakanninmu fatake ne a hanyar goron Gwanja, sunan ma daga sansani ya fito. Su da jakuna suka yada zango da niyya, mu kuwa batir ke sa mu.

Ba ina cewa ƙaramin batir ba shi da wuri ba. Motar fetur mai ƙaramin inji da ke yawo cikin gari, ta kai yara makaranta ta kai uwargida kasuwa, zai riƙe ta lafiya muddin lambar tayarwarsa ta kai abin da injin yake buƙata. Akwai kuma rufaffen nan da ake kira AGM, wanda yake ba da ƙarfin tayarwa mai yawa a ƙaramin jiki, ba ya zubar da ruwa, amma yana da tsada kuma ba ya jure zafin kusa da inji. Na litiyom ya fi kowanne rashin nauyi, sai dai bai dace da kowane tsohon janareton caji ba, in ya lalace a Kante kuma babu mai musanya maka shi.

Sake wa batir mazauni ba sabon abu ba ne, kamfanoni ma suna yi. BMW ta daɗe tana sa nata a but. Marsandi Sprinter, daga ƙirar 2006, yana ƙarƙashin inda direba ke ajiye ƙafa. Tsohuwar Bosuwaja mai siffar kunkuru a ƙarƙashin kujerar baya take ajiye shi, kuma an sha samun gobara idan murfinsa ya ɓace, mai nauyi ya zauna, ƙarfen kujera ya taɓa kawunan batir. Babbar ribar fitar da shi daga ƙarƙashin bonet ita ce tsira daga zafi. Zafi yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantan da ke ciki, kuma a watan Maris da Afirilu, lokacin da Dapaong ke taɓa digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta abin da ke kusa da inji mai hawan dutse da kaya.

Amma aikin nan idan an yi shi da arha ya fi ƙaramin batir haɗari. Abu na farko waya. Tunda tafiyar wutar ta ƙaru da mita uku ko huɗu, dole kaurin ya ƙaru: ga gazuwal kada ta gaza 35mm², in da hali 50mm², irin wadda masu walda ke amfani da ita. Ka sa a kankare bakinta da wuƙa a gabanka kafin ka biya, domin kasuwa ta cika da wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. In ka ga fari a ciki, ajiye ta. Bayan an gama aiki a tayar da mota sau biyu ka kama wayar da hannu. In ta yi ɗumi, ta yi siriri.

Na biyu, kuma shi ne wanda yaran garaji suka fi tsallakewa, babban fis ko makullin yanke wuta kusa da batir, kamar taƙi ɗaya daga kansa. Doguwar wayar nan tana ɗauke da wuta ko mota a kashe take. Duk inda ta ratsa ƙarfe sai an sa mata zoben roba, a ɗaure ta nesa da salansa. Girgizar hanya tana cin roba a hankali, ranar da tsirarar waya ta taɓa jikin mota ba fis, kafin ka buɗe ƙofa ta yi ja. Wayar as kuma a ɗaure ta a gogaggen ƙarfen shasi wanda aka kankare masa fenti, a ƙara wata daga shasi zuwa inji.

Sai maganar da ta shafi iyali kai tsaye. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, iska ce mai kamawa da wuta da ɗan tartsatsi. In za a sa shi a but ko ƙarƙashin kujerar da yara ke zama, ya zama cikin akwati mai murfi, an ɗaure shi da ƙarfe da noti, da ɗan tiyo mai fitar da iskar waje. Igiya da tsohuwar tuf ba ɗauri ba ne. Mu kuma mun san halinmu: but ɗinmu jarkar fetur, buhun gero, bandir na atamfa. Ruwan batir asid ne, ɗigo kaɗan ya isa ya huda turmi goma, jarka kusa da batir kuwa ba sai na faɗa ba. Wanda ya san but ɗinsa ba ya rabo da jarka ya nemi wani wurin.

Tawa Fijo, dattijon nan ya sa mai walda ya ƙera mata akwatin ƙarfe a gefen shasi, bayan gidan direba, ƙarƙashin bodi, inda iska ke kaɗawa kuma ruwan damina ba ya kaiwa. Muka mai da mai 70Ah. Waya, fis, akwati da ladan aiki sun ci kusan kuɗin wani batir ɗin, na biya ina ƙunƙuni. Ya sa mita a kawunan batir inji na aiki, ya nuna mini 14.1, ya ce muddin yana tsakanin 13.8 da 14.4 caji na isa. Ya kuma sa mini kwaɗo a akwatin, domin batir da ke waje a tashar Dapaong da dare yana iya yin ƙafa. Duk ranar Juma'a bayan an sauko nakan buɗe in duba ruwan, in goge farin garin da ke taruwa a kawunansa.